Kurakuran da aka fi yi kan mulkin larduna a daulolin Qin da Han

Mai karatun tsohon tarihin ƙasar Sin yakan buɗe taswirar daular Han, ya ga launi ɗaya daga arewacin Koriya har arewacin Vietnam, sai ya ɗauka ko'ina hannun sarki ya kai daidai wa daida. Kurakurai da yawa daga nan suke tasowa.

Akan rubuta cewa Qin Shi Huang, sarkin farko na daular Qin, ya kashe sarautar gado ta yankuna a shekarar 221 kafin miladiyya, magana ta ƙare. Lalle ya bi shawarar ministansa Li Si, ya yanka ƙasar larduna 36, kowanne da gundumominsa, fada ke naɗa jami'ai, ita ke tuɓe su. Amma da Liu Bang ya kafa Han a 202 kafin miladiyya, sai ya damƙa yawancin gabas ga ƙananan sarakuna, da farko mayaƙansa, daga baya 'yan gidansa. A 154 bakwai daga cikinsu suka yi tawaye, Liu Pi na ƙasar Wu ne kan gaba, janar ɗin fada Zhou Yafu ya murƙushe su cikin wata uku. Dabarar da fada ta fito da ita a 127 ce ta ƙarasa su: in ƙaramin sarki ya rasu, a ba sauran 'ya'yansa rabo a ƙasar, rabon kuma ya koma ƙarƙashin lardin da ke kusa. Don haka in za ka ce Han ta yi mulki da larduna, faɗi a wace shekara.

Sai shiyyoyi 13 da babban sarkin Han, Sarki Wu, ya kafa a 106. Ana kiran masu riƙe da su gwamnoni, alhali sufetoci ne masu zagaye su kai rahoto fada. Matakin albashinsu awo 600 na hatsi ne, gwamnan lardin da suke bincika kuwa yana kan 2,000. An yi hakan da gangan: ƙarami mai neman girma ba zai rufa wa babba asiri ba. Sai can ƙarshen daular, musamman daga 188 miladiyya, shiyya ta zama wurin riƙe soja da haraji.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na kan iyaka, don yana shafe mutanen da ke zaune a wurin. A Dian, yankin Yunnan na yau, an kafa lardi a 109 kafin miladiyya, amma aka bar sarkinsu kan gadonsa, har aka ba shi hatimin zinari, wanda aka tono a 1956. Larduna huɗu na Koriya da aka kafa bayan yaƙin 108 kafin miladiyya, an soke biyu a 82. Lardin Zhuya na tsibirin Hainan, tawaye ya ishi fada, ta haƙura da shi a 46 kafin miladiyya. A yamma mai nisa, jami'in da aka naɗa a wajen shekarar 60 kafin miladiyya yana sa ido ne kan garuruwa masu sarakunansu. Kafin ka ce Han ta mallaki wuri, bincika wa ke karɓar haraji, wa ke yanke shari'a, kuma shekara nawa abin ya ɗore.

A daina kuma sa hoton Babbar Katangar Sin ta bulo a rubutu kan Han, wannan ta daular Ming ce, wadda ta zo can daga baya. Ta Han da ke wajen Dunhuang, a arewa maso yammacin Sin, da ƙasa aka yi ta, ana daɓewa, ana shimfiɗa karan fadama a tsakani. Ɓallayen katako sama da 10,000 masu rubutu da aka samu a 1930 a Juyan, wani wurin tsaron iyaka na Han, sun nuna rayuwar masu gadin: ƙirga baka da kibau, rabon hatsi na wata, ƙa'idar kunna wutar gargaɗi. Sukan share yashi a wajen katanga ya yi sumul, su zaga su duba ko akwai sawun mutum ko na doki, sannan su rubuta abin da suka gani.