Kurakuran da sababbin editoci ke yi a maƙalolin addini na Wikipedia ta Hausa

Sabon edita a Wikipedia ta Hausa galibi da addini yake farawa, domin a nan yake jin ya fi sani. Madalla. Amma akwai kurakuran da na gaji da gani.

Babbansu shi ne "Malam ya ce". Mutum ya saurari tafsiri a WhatsApp, ya zuba abin da ya ji a maƙala, a wurin manazarta kuma, wato inda ake jera madogara, ya sa sunan malamin kawai. Wa zai iya komawa ya tabbatar? Akwai wani matashi da na jawo wannan aiki da kaina, mai ƙwazo, ya kwana yana rubuta tarihin wani shehi da irin wannan hujja. Aka goge, babu wanda ya yi masa bayani, ya yi fushi ya tafi. Rashinsa yana ci mini rai har yau. Shi ya sa duk wanda nake koya wa, ba ya wallafa jimla sai ya kawo mini sunan littafi, marubuci, shekara da shafi. Idan tarihin Shehu Usman Ɗan Fodiyo ne, ga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ga binciken Murray Last na 1967 kan Daular Sakkwato. Me ya kai ka Facebook?

Na biyu ya fi ɓata mini rai: a rubuta tarihin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, daga bakin masu adawa da ita, ko na Tijjaniyya daga wa'azin masu sukarta. Haba jama'a! Nan ba mumbari ba ne. Ni dai nakan rubuta "mabiyanta suna ganin kaza", "wane ya soki wannan a littafi kaza", in bar mai karatu da hankalinsa. Aya ma, kada ka ɗora mata fahimtarka. Faɗi mufassirin da ya fassara ta haka.

Hadisi: lamba kaɗai ba ta isa ba, bugu-bugu suna saɓawa, ƙara da babi. Shekara: bambance Hijira da Miladiyya, hijirar Shehu zuwa Gudu 1218 ce, wato 1804. Kwafo shafin wani sukutum, shi ma gogewa za a yi.

Ku kuma tsofaffin hannu, kafin ku goge aikin baƙo ku leƙa shafinsa na tattaunawa, ku yi masa sannu da zuwa, ku nuna masa jimlar da ke neman madogara.