Yadda na raba babur ɗina da ɓeraye

Wata uku na bar Bajaj Boxer ɗina a ɗakin da muke ajiye hatsi, lokacin da na yi tafiya Legas. Da na dawo na yi ta buga kiki har gumi ya keto min, ko tari bai yi ba.

Da na ɗaga sirdi sai zarnin fitsarin ɓera ya buge ni. A cikin akwatin tace iska suka yi gida: tsummoki, ɓawon gyaɗa, soson da ke tace iskar kuwa sun cinye rabinsa. Allah Ya taimake ni da bai tashin ba, da duk dattin nan kabureta zai zuƙa. Kafin na kwashe sai da na yayyafa ruwan bilic, na sa leda a hannu, saboda ta kashi da fitsarin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa.

Abin da ya hana wuta kuwa, wayar da ke zuwa koyil, mai ba fulogi wuta, ce suka gutsire ƙarƙashin tanki. Na yanke inda ya lalace, na haɗa, na naɗe da salatif. Na sayi sabon soso, na zubar da tsohon mai, na goge fulogi. Bugu biyu ya tashi.

Yanzu a zaure yake kwana, nesa da buhunan gero. Na ɗana tarko biyu da ƙuli-ƙuli. Guba ban sa ba saboda yara da kaji. In zai daɗe a ajiye, ina toshe salansa da soson ƙarfe, na ɗaura jan ƙyalle don kada na manta. Duk Juma'a ina tayar da shi.