Yadda ake gina gidan birni da ba ya shan wuta da ruwa

Masu zuwa wurina da shirin gini galibi da tambaya ɗaya suke farawa: sola nawa za mu ɗora a kan rufi? Nakan ce a dakata tukuna, mu je mu ga filin. Gidan da aka dasa ba tare da lura da rana ba zai yi ta shan wuta har ranar da za a rushe shi.

Kafin a ja layi ko ɗaya a takarda, ka je filin da hantsi, ka koma da la'asar. Ka duba inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa, ta ina iska ke kaɗawa, ina ruwa ke kwanciya idan an yi sama, benen wane maƙwabci ne zai ba ka inuwa kyauta. A ƙasa mai zafi, dogayen bangwayen gida su kalli arewa da kudu. Da tsakar rana tana can sama, 'yar rumfa a kan taga ta isa ta tare ta. Ta la'asar kuwa a kaikaice take zuwa, ta faɗo cikin ɗaki kai tsaye, bango ya sha zafi ya riƙa amayar da shi har tsakar dare. Shi ya sa nake tura banɗaki da matakala da sito ɓangaren yamma, ɗakin kwana ba ya zuwa can. Fulotin birni ƙarami ne, wani lokaci titi ne ke zaɓa maka fuskar gida. Idan haka ta faru, baranda mai zurfi ko bishiya a yamma za ta rage ɓarnar. A ƙasashen sanyi lissafin juyawa yake: ana janyo rana ciki, a toshe duk kafar da ɗumi zai fita, irin tsarin Passivhaus da aka fara ginawa a Darmstadt ta Jamus a 1991.

Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu, domin iska ba ta shiga inda ba ta ga mafita ba. Ka bar ƙaramar kafa can kusa da silin, ko a ƙolin matakala idan bene ne, iska mai zafi sama take hawa.

Rufi ne nake ɓata lokaci a kansa, don ta nan yawancin zafi ke shigowa gidan da ba bene ba. Kwano mai duhu yana da kyau a hoto, amma tanda ce ka kifa wa iyalinka. Ka zaɓi fari, ko ka shafa masa farin fenti mai mayar da hasken rana, dabarar da birnin Ahmedabad na Indiya ya yaɗa a gidajen talakawa. Sannan ka bar sarari tsakanin kwano da silin wanda iska za ta ratsa ta fita, ka shimfiɗa abin tare zafi a kan silin ɗin. Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso da ya ci Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022, haka ya yi a makarantar firamaren ƙauyensu Gando a 2001: bangon tubalin ƙasa, rufin kwano a ɗage sama da silin, iska na wucewa tsakaninsu. Leɓen rufin kuma ya fito waje sosai, ya yi wa bango inuwa, ya kare shi daga feshin ruwa.

Sai kayan gini. Ana gasa farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450 kafin a samu siminti, kuma wannan masana'anta ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Ban ce a daina kankare ba. Harsashi da ginshiƙai suna bukatarsa, kuma injiniya ne zai faɗi kaurin rodi, ba birkila ba. Amma bangon da ba ya ɗauke da nauyi ana iya yin sa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, an sa masa siminti kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kawai. Masu cewa ƙasa ba ta bene su je su ga Shibam a Yaman, inda dogayen benayen laka suka shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye. Sharaɗinta dai kada ruwa ya taɓa gindinta ko kanta.

Lissafin ruwa mai sauƙi ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ke nan. Rufi mai murabba'in mita 100 a garin da ake samun milimita 600 a shekara yana zubar da lita 60,000, ko an cire abin da zai salwanta saura mai yawa ne. Ka sa indararo zuwa tanki mai murfi, ka bar ruwan farko ya zube da ƙurar rufi. Kuma don Allah kada a malale tsakar gida duka da siminti. Ruwan da ƙasa ba ta sha ba kwata yake tafiya, daga nan sai ambaliya a unguwa.

Bayan duk wannan ne ake auna sola, lokacin da fitilun LED da fanka sun wadatar a yawancin ɗakuna, sai ka ga faifai da batirin da za ka saya sun ragu.

Abin da ke kan takarda yakan narke a wurin gini idan mai gida ya yi nisa. Magini zai rage taga don ya huta, kafinta zai datse leɓen rufi don kwano ya isa. Ka rubuta awon waɗannan biyun a cikin yarjejeniyar aiki, ka riƙe tef ɗinka ka auna da kanka kafin ka biya kuɗin kowane mataki.