Yadda za ku kai iyali Tafkin Tizon daga Mundu a ƙarshen mako

Jama'ar Mundu masu son fita da iyali su sha iska, Tafkin Tizon da ke gefen Ngaundere a Kamaru wuri ne da ya cancanci wahalar hanya. Tsohon bakin dutse ne mai aman wuta da ya mutu tun zamanin da, ruwa ya cika ramin ya zama tafki kewayayye, itatuwa sun zagaye shi ta ko'ina. To amma fa in kuna son ku ji daɗinsa kar ku matse tafiyar cikin kwana biyu, ku tashi Juma'a bayan asuba, Asabar ta tafki ce, Lahadi a juyo gida.

Takardu su ne farko, don su suke ɓata wa mutane rai a iyaka. Chadi da Kamaru duk 'yan CEMAC ne, wato ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ba ruwanku da biza, kuɗi ma sefa ɗaya ce ba sai an yi canji ba. Amma kowane babba ya riƙe fasfo ko katin ɗan ƙasa, yara a ɗauko takardar haihuwarsu, sannan katin allurar shawara na kowa da kowa har autan. Ta ɓangaren mota kuwa kart gris wato takardar rajistar mota, fermi wato lasisin tuƙi, da kart roz wato asirans (inshora) ɗin da ke aiki a ƙasashen yankin, a duwan, wato kwastan, kuma za a yanka wa motar takardar shiga. Ku yi fotokopi ku zuba a leda guda, jandarma suna tsayarwa sau da yawa kuma wallahi in komai na hannu ba a daɗewa.

Hanyar ta Kutere ce zuwa Tuboro sai Ngaundere, kusan kilomita 400, kwalta ce amma akwai wuraren da ta lalace. Kar a yi tafiyar dare ko kaɗan, yankin Tuboro ya sha fama da 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, shi ya sa nake nanata fitar asuba, ku shiga gari rana na sama. A cika tanki tun Mundu, a duba birki da taya ta safaya, a tanadi canji don peyaj, wato kuɗin hanya, na Kamaru dala ɗari ne. Layin Airtel ko Moov zai iya ba ku matsala can, ku riƙe tsabar kuɗi, in an isa a nemi MTN ko Orange.

Maigida, ka faɗa wa uwargida ta sa wa yara rigunan sanyi, Ngaundere tana kan tudun Adamawa sama da mita 1,000, mu da muka saba da zafin Mundu safiyarsu tana kama jiki sosai musamman Disamba da Janairu. Rani ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don da damina gangaren tafkin santsi ne.

Ranar Asabar ku fita da hantsi, tafkin na kudu da gari ta hanyar Meiganga, ba nisa. Ku tafi da tabarma, dambun nama, burodi, shayi a fulas da ruwan sha da na alwala. Abin da ba na wasa da shi shi ne yara da bakin ruwa, irin wannan tafki ba kamar kogin Logon ba ne da ake takawa a hankali, gaɓarsa zurmawa take kai tsaye, saboda haka ba wanka, a hau sama a zauna a inuwa a kalla, ƙaramin yana hannun babba. Ledar shara kuma a komo da ita don Allah.

In da sauran ƙarfi bayan azahar, ku ƙarasa inda ruwan kogin Vina ke zubowa daga kan dutse, duk hanya ɗaya ce, ko ku koma gari ku ga fadar Lamido. A kwanta da wuri dai, Lahadi ma fitar asuba ce.