Kurakuran da aka fi yi wajen zana sassan roba na ƙaramar roka

Sau da yawa ƙaramar roka tun a kwamfuta take lalacewa, kafin ta ga filin harbawa. Ɗalibi ya sauko da zane daga intanet, ya tura wa firintar 3D, na'urar da ke ƙera abu da roba, abu ya fito gwanin sha'awa, ya manta cewa mai zanen a Jamus ko Amurka yake zaune, bai san zafin Garwa na watan Afrilu ba.

To, da zafin za mu fara. Zaren robar da firinta ke aiki da shi wanda aka fi samu, wato PLA, yana soma laushi a wajen digiri 60. A Garwa da Marwa da Njamena zafin bazara kan wuce 40 a inuwa, balle a cikin motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana. Ba narkewa robar za ta yi ka gani da ido ba. Fiffike ne zai ɗan lanƙwashe kaɗan, roka ta tashi tana jujjuyawa, kowa ya ce iska ce. Zaren PETG yana jurewa har kusan digiri 80, ABS da ASA kuwa wajen 100, sai dai ABS na da wari, kuma yakan ɗago daga farantin da ake bugawa a kai in ba a rufe firintar ba. A ganina PETG ya ishe mu. Wanda PLA kaɗai ya samu, ya zaɓi fari, ya guji baƙin fenti, ya yi harbinsa da sassafe.

Kuskure na biyu ya fi wannan cin mutane, domin allo ba ya nuna shi. Firinta hawa-hawa take jera roba, kowane hawa kamar milimita 0.2, kuma mahaɗar hawa da hawa ita ce wuri mafi rauni. Mai faskare ya san itace ta bin jijiyarsa yake tsagewa, to haka abin da aka buga yake. Idan ka buga jikin roka da fikafikansa a tsaye, dunƙule guda, layukan suna kwance ne a faɗin fiffiken, ranar da ta sauka a kan tsinin fiffike sai ya ɓalle ƙas, a tsaftace kamar an yanka. Maganin shi ne a buga kowane fiffike shi kaɗai, a kwance a kan faranti, a bar masa harshe da zai shiga tsaga a jikin bututun, sannan a liƙe da gam mai ƙarfi. In dole sai a dunƙule, kada a bar kusurwa mai kaifi a inda fiffike ya haɗu da jiki. A cike ta da lanƙwasa ta milimita 3 ko 4. Haka zoben da ake ɗaure igiyar lemar da ke saukar da roka a hankali, a ƙarƙashin hancin roka: siriri ne, an buga shi a tsaye, fizga ɗaya ya rabu, hanci ya faɗo gabas, jiki yamma. A huda rami a cikin bango mai kauri, igiya ta ratsa ta ciki.

Da mutum ya ga abu na karyewa, sai ya cika cikinsa da roba ɗari bisa ɗari. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ƙarfin yana bango, ba a ciki ba: bango uku da cikon kashi 15 cikin ɗari sun wadatar. Roba kuma ta ninka balsa, itace mara nauyi da aka saba yin sassan roka da shi, nauyi kusan sau bakwai ko takwas, don haka zanen da aka yi wa balsa, in aka buga shi da roba, nauyi ya koma gindi. Ƙa'idar kuwa ba ta canzawa: cibiyar nauyi ta kasance gaba da cibiyar turin iska, wato inda ƙarfin iska ke tattaruwa a jikin roka, da tazarar faɗin bututu ɗaya zuwa biyu. Lissafin da James Barrowman ya fitar a shekarun 1960 yana cikin manhajar OpenRocket, kyauta ce. Amma kada ka yarda da nauyin da ta ƙiyasta. Ɗora kowane sashe a kan sikelin giram, ka shigar da abin da ka gani. Daga nan ka ɗaura igiya daidai cibiyar nauyi, ka wulwula rokar a saman kanka. In hanci bai tsaya a gaba ba, ƙara masa ɗan nauyi.

Batun awo gajere ne. Rami yakan fito ƙasa da yadda aka zana shi, shi ya sa injin roka mai faɗin milimita 18 ke ƙin shiga ramin 18. Bar sararin milimita 0.2, kuma ka fara buga ɗan zobe na gwaji kafin ka kashe awa shida wajen buga sashen gaba ɗaya. Wuyan hanci da ke shiga bututu ya kai rabin faɗin bututun zuwa faɗinsa ɗaya, ya riƙe ba tare da ya cije ba, in ba haka ba lema ba za ta fito ba.

Roba ba ta zama jiki da jiki da injin mai wuta. A sa bututun kwali tsakaninsu. A nan ma dai samun irin wannan injin wuya gare shi, kuma haɗa shi a gida ganganci ne. Rokar ruwa ta fi dacewa da makarantunmu: gorar lemo, ruwa kashi ɗaya cikin uku, famfon keke. Gorar ce kaɗai za ta riƙe matsin iska, domin abin da aka buga yana yoyo ta tsakanin layuka, yana kuma iya fashewa. Hanci da fikafikai kawai za a buga.

Zaren da ya sha danshin Agusta za ka ji yana ƙara tas-tas a bakin firinta, layukansa ba sa kamuwa. A ajiye shi a mazubi mai murfi, wanda zai kare shi daga ƙurar hunturu ma. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar bugawa, sashen da aka ci gaba da shi yakan karye daidai wurin da ya tsaya, gara a sake daga farko.

Wajen harbawa, a yi nesa da filin jirgin sama da barikin soja da busasshiyar ciyawa, kuma a sanar da hukuma tukuna, musamman a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru da kewayen Tafkin Chadi, inda kalmar roka kaɗai ta isa ta tara wa malami da ɗalibansa jami'an tsaro.