Yadda 'yan gari mazauna birni za su yi wa ƙauyensu aikin da zai ɗore

Wanda ya bar ƙauye ya zauna a birni ba ya yanke igiyar gida. Yana aika kuɗin taki da na magani, yana karɓar ƙanne masu zuwa karatu ko koyon sana'a. Amma kuɗin da kowa ke aikawa gidansu ba ya haƙa rijiyar gari. Wannan sai ƙungiya, kuma sau da yawa ayyukan ƙungiyoyin 'yan gari ba rashin kuɗi ke kashe su ba, rashin tanadin abin da zai biyo bayan bikin buɗewa ne.

Ku fara da raba asusu biyu: na taimakon juna, wato rashin lafiya da rasuwa, da na aikin gari. In aka haɗa su, buƙatar gaggawa ta farko za ta cinye kuɗin siminti. Ku yi wa ƙungiyar rajista, ku buɗe mata asusun banki da sunanta, masu sa hannu uku, kada kuɗi ya fita sai biyu sun sa hannu. Karo-karon wata ya zama kaɗan, yadda ɗan dako da mai gadi za su iya biya. Ƙungiyar da ta dogara da attajiri ɗaya, ranar da ya yi fushi ta mutu.

Zaɓen aiki kuwa, ba a birni ake yin sa ba. Wanda ke zuwa gida sau biyu a shekara yana ganin abin da ya dame shi ne a kwana ukun da ya yi. A zauna da dagaci da dattawa, sannan a yi zama daban da mata da matasa, don su ke ɗebo ruwa, su ke kai amfanin gona kasuwa. In makaranta ko asibiti aka zaɓa, kada a sa bulo ko ɗaya sai ƙaramar hukuma ta rubuta cewa za ta turo malamai ko ma'aikatan lafiya. Ɗakin shan magani babu ma'aikaci, awaki ne za su gaje shi. Ku kuma nemi hukuma ta sa nata kason. A Meziko, daga 2002, an yi shirin da duk abin da ƙungiyar 'yan gari ta tara, gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma kowacce ta ƙara kwatankwacinsa.

Ruwa na cikin ayyukan da ake yawan zaɓa, don haka bari mu tsaya a kansa. Ku lissafa aƙalla lita 20 ga kowane mutum a rana. Gari mai mutum 1,000 na buƙatar lita 20,000 ke nan. Famfon tuƙa-tuƙa mai kyau yana ba da kimanin lita 1,000 a awa, wato lita 8,000 in an yi awa takwas ana bugawa. Ɗaya ba zai isa ba. Ko a yi uku, ko a yi mai sola da tanki. Filin da za a haƙa a karɓe shi a rubuce da shaidu, in ba haka ba wata rana magada za su ce a gonarsu take. Ya yi nisan aƙalla mita 30 daga masai, kuma kada ya zama a gangarensa.

Kada ku yarda a haƙa ba tare da masanin ƙasa ya auna inda ruwa yake ba. A yi gwajin ruwa a ƙarshen rani, lokacin da ya fi yin ƙasa. Rijiyar da aka gwada da damina tana iya ruɗar ku, ta ƙafe da bazara. Ɗan kwangila ya ja ruwan awanni da yawa a jere a gaban wakilanku, ya rubuta zurfin rami, da inda ya sa bututu mai tacewa, da yawan ruwan da ke fita. A kai ruwan ɗakin gwaji kafin kowa ya sha. A zuba siminti a bakin ramin, a yi daɓe mai magudana, don ruwan datti da ke kwanciya a gindin famfo komawa ciki yake yi. Biya kuma kashi-kashi, bayan kowane mataki, a riƙe kashi 10 cikin 100 har wata shida.

Tun kafin a gama a kafa kwamitin kula daga mazauna ƙauyen, da mata a ciki. Masu ɗiban ruwa su riƙa biyan ɗan abu kaɗan, ma'aji ya rubuta. Robar da ke cikin famfo tana cinyewa, kusan duk shekara sai an canza. Abu ne mai araha, amma rashinsa kan bar famfo a mace wata da watanni ana jiran 'yan birni. A koya wa matasa biyu gyara, a ba su sifana da kayan canji, a kuma zaɓi irin famfon da ake samun kayansa a kasuwa mafi kusa. Mai sola kuma sai an kewaye shi an sa mai gadi, saboda ɓarayin farantin sola.

Duk wata uku sakatare ya tura wa kowa hoton takardar banki da rasit, kwamitin ƙauye kuma ya aiko da nasa lissafin.