Yadda zaka je kallon Gerewol a Durbali

'Yan uwa, duk shekara sai a cika mana waya da bidiyon Turawan Sifen suna jifan juna da tumatir a garin Bunyol ranar Larabar ƙarshen Agusta, ko 'yan Indiya suna watsa wa juna garin kala a bikin Holi, muyi ta mamaki, alhali ga Gerewol nan a bayan gidanmu wanda Turawan ke biyan kuɗin jirgi su zo gani. Bikin Wodaɓe ne, Fulanin da muke cewa Bororo, inda samari ke cin kwalliya 'yan mata su zaɓi wanda yafi kyau. A Nijar ana yi wajen Ingal, mu nan Chadi kuma wajen Durbali, kamar kilomita 100 kudu maso gabas da Njamena.

Abu na farko, bikin nan bashi da rana tsayayya. Ƙarshen damina ake yi, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kuma dattawa ne ke zaɓar wuri gwargwadon inda ciyawa da ruwa suka ishi shanu, saboda haka kar ka dogara da abinda ka gani a Facebook. Ka nemi dillalan shanu, su ke da labari, idan ka samu wanda yake jin Fillanci kuma ya san wani a rugar to ka riƙe shi da kyau, shi zai shigar da kai. Mutanen Marwa da Garwa ku biyo ta Kuseri ku haye gadar Ngeli, katin ɗan ƙasa a aljihu don jandarmomi na kan hanya.

Daga Durbali sai daji, ƙasa kuma bata gama bushewa ba, ƙaramar mota zata kafe a laka, ku haɗa kuɗi ku ɗauki kat-kat, wato motar shiga daji. Ka tafi da ruwan sha mai yawa, gidan sauro, tabarma, tocila da maganin zazzaɓi. Kar ka sa ran rezo, wato sabis na waya.

Tsaraba kuwa, wallahi kar ka je hannu rabbana. Ganyen shayi da sukari, ka ƙara da goro, ka fara kaiwa dattawa kafin ka ko kalli inda ake rawa. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka bari gaisuwa tayi tsawonta, idan an miƙo maka nono a ƙwarya ka karɓa ko kurɓa ɗaya ne. Kuma kar ka tambayi mutum shanunsa nawa, ba'a yi.

Ni a ganina wanda ya iso sai da aka fara rawa yayi asarar rabin bikin. Ka zo tun da rana ka zauna gefe kaga saurayi riƙe da ɗan madubi yana shafa jar ƙasa ko rawaya a fuska, ya ja layi daga goshi ya bi karan hanci har haɓa don hancin ya fito siriri, ya zizara kwalli, ya baƙanta leɓe don haƙora su ƙara haske, sannan a kafa gashin jimina a ka, awanni yake ɗauka bai gaji ba. Da la'asar sai su jeru kafaɗa da kafaɗa suna waƙa, suna ɗagawa kan yatsun ƙafa, suna zare ido suna nuna farin haƙori, haka za'a yi ta yi har dare ya raba. Idan lokacin zaɓe yazo zaka ga yarinya ta taho a hankali kanta a sunkuye, ta ɗan miƙa hannu wajen wanda ya kwanta mata, shikenan.

A nan ne baƙi ke ɓata abu. Dan Allah kar ka kutsa tsakanin masu rawa da waya, kar ka yi musu dariya don sun zare ido, su a wajensu wannan shine kyau kuma sunan zuri'arsu suke karewa. Hoton mata sai ka nemi izini, in ance a'a ka maida waya aljihu. Bikin yakan kai mako guda, in bazaka iya duka ba ka tambayi mai masaukinka ranar da za'a yi babban zaɓe, ka iso kwana biyu kafin nan.